Muryar Kaka a cikin zakira: yadda za mu gyara sautin waƙoƙin da ke wayoyinmu

Wani dare a watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a faɗin ƙasar nan, muna zaune a tsakar gidan da wasu 'yan'uwa suka ba mu aro a Gadarif. Kusan wata goma ke nan da yaƙi ya fito da mu daga Khartum. Ba wuta, ba intanet, ba wanda za ka kira ka ji ko yana raye. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari, sai kawai ta juyo ta ce, "Kai, sa mini muryar Iya in ji."

Iya ita ce mahaifiyarta, mu kuma Kaka muke ce mata. Ta rasu ina firamare. Marigayi Babanmu ya taɓa ɗaukar muryarta a kaset can Maiwurno, tana waƙar niƙa da 'yan waƙoƙin da take yi wa jikoki. Shekaru kafin yaƙi na juye kaset ɗin zuwa wayata ta hanyar da kowa ya sani: na kunna rikoda, na ajiye waya a gabanta, na tafi harkata. Ban taɓa zama na saurari abin da na ɗauka ba sai a daren nan.

Abin da ya fito shi ne kukan fanka, carar zakaran maƙwabta, da hon ɗin wata raksha da ta wuce ta ƙofar gida. Can ƙasa kuma ga muryar tsohuwa, sai ka ce mai magana daga cikin rijiya. Inna ta kasa kunne, ta ce in maimaita, har sau uku. Daga nan ta ce, "Ita ce. Amma ban ji abin da take faɗa ba." Ta juya ta gyara shimfiɗarta. Ni kuwa ban runtsa da wuri ba, domin na san kaset ɗin na asali yana can cikin akwatin ƙarfe a gidanmu na unguwar Inƙaz, inda ba mai iya zuwa.

Tun daga ranar na shiga tambaya da karatu a kan sauti. Ni ba injiniya ba ne, malamin makaranta ne. Amma abin da na koya na ga ya kamata in kawo shi nan, don na san gidaje da yawa suna da irin wannan fayil a wayoyinsu.

Me ya sa abin ya dame mu

'Ya'yanmu a nan da Larabci suke karatu, da shi suke wasa a layi, da shi nake koya musu lissafi a aji. Hausa ta kunne kawai take shigarsu: daga bakin iyaye, sai kuma daga waya. Tun zamanin da kakanninmu suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu suka zauna a Maiwurno, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu Umdurman, murya ce igiyar da ta riƙe mu da gida. A da alhazai da fatake ke kawo kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge da Ɗanmaraya Jos. Yau ɗan katin nan na memori, wanda muke kira zakira, shi ya gaji akwatin kaset.

Na taɓa kunna wa 'yan ajina wata waƙar Shata da sifikar waya, na ce su rubuta kalma goma da suka ji. Yaran da ke hira da iyayensu da Hausa kullum, da ƙyar wasu suka kawo biyar. Na ɗauka Hausar ce ta yi musu nauyi. Da na dawo da waƙar daga wani fayil mai kyau, ta sifika mai ɗan girma, hannuwa suka yi ta tashi. Ashe laifin ba na yaran ba ne.

Dalilin a fili yake. Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana jin amo daga kaɗawa 20 zuwa kaɗawa 20,000 a sakan ɗaya. Amo mai kauri, irin na ganga da tambari, yana ƙasa. Amo siriri yana sama, kuma a can ne baƙaƙe irin su s da sh da ts suke zaune. In aka yanke saman, sara da tsara da shara sai su zama abu ɗaya, kafa da ƙafa su rikice. Babba zai cike giɓin da abin da ya riga ya haddace. Yaro ba shi da abin cikewa. In kuma aka yanke ƙasan, kalangu ya rasa jikinsa, ya koma kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani, alhali kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsirkiya a hammata yana sassautawa, amon yana hawa da sauka kamar harshe.

Gyara daga tushe yake farawa

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne neman magani a ƙarshen hanya. Sauti bai yi daɗi ba, sai a ƙure ƙara, ko a sayo babbar sifika. Alhali abu huɗu ne a jere: fayil ɗin kansa, wayar da ke karanta shi, abin da ke fitar da shi, sai kunnen da ke karɓa. Wanda ya fi lalacewa a cikinsu shi ke yanke hukunci, kuma sau da yawa fayil ne.

Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 na bayanai a kowane sakan. Waƙar minti biyar a wannan ma'auni ta haura megabait 50. Don a rage nauyin ne masana, musamman na cibiyar Fraunhofer da ke Jamus, suka fito da tsarin MP3 a farkon shekarun 1990. Dabararsa ita ce zubar da sassan amon da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba. In an zubar kaɗan, ba ka ganewa. In an zubar da yawa, sai ka ji tafi da kuge suna wani irin sheƙi kamar ana watsa ruwa a kan kwano.

Ga lissafin waƙar minti biyar. A kilobit 320, megabait 12 ce. A 128, kusan megabait 5. A 64, ba ta kai biyu da rabi ba. Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi: buɗe bayanan fayil ɗin MP3 ka duba nauyinsa. In kowane minti bai kai kusan megabait ɗaya ba, an matse shi fiye da kima. Ba kuma sai ka ƙona kuɗin data wajen neman 320 ba. A irin samma'ar da yawancinmu ke saƙalawa a kunne, 192 ya wadatar, tsohon kaset ma 128 ya ishe shi. Wurin ajiya ba matsala ba ne yanzu, tunda zakira mai gigabait 32 tana ɗaukar waƙa sama da 2,000 ko da a ma'auni mafi girma.

Abin da aka zubar ba ya dawowa. Akwai shafuka da manhajojin da ke ciro waƙa daga bidiyon YouTube ko Facebook su rubuta maka 320 a jiki. Wannan kamar ka juye kofin shayi ne a cikin tulu ka ce kana da tulun shayi. Fayil ya yi nauyi, sauti yana nan yadda yake, wani lokaci ma ya ƙara lalacewa, domin an sake matse abin da aka riga aka matse. Mu malamai mun san wannan a takardar jarrabawa: a ɗauki hoton hoton hoto, kafin a kai na biyar ba ka bambanta 3 da 8.

Sai dai a lura da bambanci ɗaya. Kwafa daban, juyawa daban. A zamanin kaset, duk kwafin da aka yi sai ya rage kyau. Fayil ba haka yake ba: ko sau dubu ka tura shi ta Bluetooth ko Xender, ko ka kwafa daga zakira zuwa zakira, ba abin da zai ragu. Inda ake ɓarna shi ne wurin juya shi daga wani tsari zuwa wani. In ka danna makirufon WhatsApp ka ɗauki waƙa a matsayin saƙon murya, za a matse ta da ma'aunin da aka tsara don magana. In ka ɗora ta a kan bidiyo ka tura, ko ka sa a sitatus, za a sake matsewa. Hanyar da ta fi ita ce ka tura fayil ɗin a matsayin takarda, wato mustanad ga wanda wayarsa ke kan Larabci. Haka zai isa Kano ko Jidda yadda ya bar hannunka.

A kuma yi hattara da zakirar jabu. Za ka ga an rubuta gigabait 64 a jiki, araha kamar kyauta, alhali cikinta bai kai haka ba. Da ta cika, sai sababbin fayiloli su riƙa hawa kan tsofaffi, waƙa ta riƙa tsalle ko ta ƙi buɗewa. Kafin ka amince da sabuwar zakira, cika ta taf, sannan ka buɗe fayilolin farko da na ƙarshe ka ji.

Darasin da na koya a Suƙ Sabrin

Da aka samu sauƙi a Khartum a 2025 na koma duba gida. Ƙofa babu, firji babu, har wayoyin wuta an zare daga bango. Akwatin kaset kuwa yana nan a ƙarƙashin tarkace, ba wanda ya ga amfaninsa. Bazara biyu ya yi a ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafi ke haura digiri 40. Wasu kaset ɗin sun lanƙwashe, wasu zarensu ya manne. Na Kaka, mai rubutun ajami da hannun Baba, yana cikin waɗanda suka tsira.

Kasuwannin tsakiyar Khartum ba su farfaɗo ba a lokacin, don haka na ƙetare kogi zuwa Umdurman, na nufi Suƙ Sabrin da ke Saura, kasuwar da ta riƙe mutane a tsawon yaƙin. A can aka nuna mini wani dattijo Bahaushe mai gyaran rediyo. Na miƙa masa kaset, na ce, "Baba, so nake a sa a ji ko yana yi."

Ya juya shi a hannu ya ce, "Ustazu, garaje ba naka ba ne. Kaset ɗin da ya shekara a kwance ba a tashinsa da tsawa."

Abin da ya yi a gabana shi zan lissafa, domin duk mai tsohon kaset zai iya. Da farko ya sa biro ya juya zaren a hankali ya ga ko yana tafiya. Ya duba ɗan audugar nan da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, wadda ke danna shi ya manne da kan rikoda. Tamu ta faɗi, sai ya kwance wani kaset marar amfani mai sukurori, ya mayar da zaren Kaka cikin gidansa. Ya ɓalle 'yan kunnuwan da ke saman kaset don kada wani ya danna jan maɓalli ya goge. Ya tura zaren gaba har ƙarshe, ya dawo da shi baya, don ya saki jiki. Sannan ya jiƙa auduga da sibirtu ya goge kan rikodar da ɗan tayan roba mai jan zare, audugar ta fito ja wur.

Na ƙarshen shi ya fi ba ni mamaki. Kusa da kan rikoda akwai wani ɗan sukuru da ke daidaita karkatarsa. Ya kunna kaset, ya sa siririn sukudireba yana juyawa kaɗan-kaɗan, kunnensa a kan sifika. Muryar da ke dushe sai ta fara washewa kamar an ɗaga labule. Ya ce, "Kowace rikoda da yadda kanta ya zauna. Sai ka nemo zaman wadda ta ɗauka tun farko."

Juyewar kuma ba ta iska ake yi ba. Kebur ake haɗawa daga ramin samma'a na rikoda zuwa kwamfuta. Yawancin laftof na yanzu ba su da ramin shigar sauti na musamman, sai an haɗa da ɗan adafta na USB mai shi. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita muka ɗauka. A rage ƙara yadda ma'aunin ba zai taɓa ja ba, don sautin da ya fashe wurin ɗauka ba ya gyaruwa. A fara adana shi a tsarin WAV, wanda ba a matse ba, a ɓoye shi a matsayin uwa. Daga jikinsa ne za a riƙa fitar da MP3 don rabawa. Manhajar tana iya rage shuuu ɗin kaset, amma a taɓa da sauƙi. Na gwada ƙurewa, shuuu ya tafi, muryar Kaka kuma ta koma kamar ta aljana.

Samma'a da sifika

In fayil ya yi kyau, sai a dubi mafita. Sifikar waya ba ta kai girman ƙumba biyu ba, ba ta da ƙarfin tura iskar da amo mai kauri ke buƙata. Ba saitin da zai canza wannan. Jefa waya cikin ƙwarya yana ƙara ƙara, kuma ƙwarya ta fi kwanon ƙarfe, don ƙarfe yana ƙara nasa amon. Amma wannan dabarar rashi ce.

Kafin ka ce wayarka ta tsufa, duba ramukanta. Mu da ke zaune a ƙasar habub, ƙura ce babbar abokiyar gabar sifika. Tana toshe 'yan ramukan, ta haɗu da zufa ta daskare. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, a goge a hankali waya tana kallon ƙasa. Kada a sa allura, tana huda fatar da ke ciki. Ramin samma'a ma yana tara ƙura, shi ke sa kunne ɗaya ya ɗauke ko ka riƙa jin ƙaras-ƙaras.

A wajen samma'a, araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce hujja ba. Abin da ya fi muhimmanci ga mai robar da ke shiga kunne shi ne ta toshe kunnen sosai. In iska tana fita ta gefe, kaurin sauti ya gudu. Shi ya sa masu kyau ke zuwa da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba. Gwada duka, wataƙila ma kunnenka na dama da na hagu ba girmansu ɗaya ba. In za ka saya, tafi da waƙar da ka haddace a wayarka, ka gwada da ita, ba da wadda mai shago zai sa maka ba. Ni da kalangu da muryar mace nake gwaji: in na ji jikin ganga, na kuma ji kowane harafi, na saya.

A kuɗi ɗaya, mai igiya yawanci ta fi ta Bluetooth, domin ba a raba kuɗin da batir da na'urar karɓa ba, ga shi ba ta neman caji a garin da wuta ke wuya. Wayar da ba ta da ramin samma'a tana karɓar ɗan adafta ta wurin caji. Bluetooth kuwa yana sake matse sauti kafin ya tura. Tsarin da kowace na'ura ke da shi sunansa SBC. Akwai AAC da aptX, akwai LDAC na kamfanin Sony wanda ya shigo Android tun sigar 8, amma sai waya da samma'a duka sun san tsarin kafin ya yi aiki. Kada a biya kuɗin suna a kwali alhali wayar ba ta san shi ba.

Ƙaramar sifikar Bluetooth ta tsakar gida tana da nata sirrin. Matsar da ita kusa da bango ko kusurwa, kaurin zai ƙaru ba tare da ka taɓa komai ba. Kada a ɗora ta a kan tire ko drom, za su yi ta karkarwa. Kada a ƙure ta, mafi yawansu daga kashi uku cikin huɗu suke fara fashewa, musamman in batir ya yi ƙasa.

Ikwalaiza: a rage kafin a ƙara

Wayoyi da yawa suna da ma'aunin daidaita sauti, ikwalaiza, a cikin saitin sauti. In babu, manhajar VLC kyauta ce kuma tana da shi. Layuka ne a jere, na hagu na kauri, na dama na siriri. Matasanmu sukan tura duka sama, ko su cika na hagu har kunne ya riƙa girgiza. Wannan gyaran gangar Abzinawa ne: sautin ya fashe, muryar mawaƙi ta nutse.

Ƙa'idar ita ce a rage abin da ya yi yawa kafin a ƙara abin da ya yi kaɗan. Ga tsohuwar waƙar kaset, sauke layukan da ke tsakanin 100 da 250 kaɗan in tana gunji, ɗaga na 2,000 zuwa 4,000 kaɗan don kalmomi su fito, sauke na sama da 8,000 in shuuu ya dame ka. Wannan saitin yana yi wa karatun Alƙur'ani da wa'azi da madahu amfani. Waƙoƙin situdiyo na yanzu, irin na su Ali Jita da Hamisu Breaker, an riga an cika musu kauri tun daga Kano, sun fi daɗi in an bar layukan a miƙe. In ka ɗaga wani layi, sauke babban maɓallin ƙara na ikwalaizar daidai gwargwado.

Ga masu ɗauka da waya a wurin biki ko mauludi, ko zikirin Juma'a na Hamad al-Nil, shawara ɗaya ce: ja da baya. Makirufon waya ba ya jure ganga a kusa, kuma tsayawa gaban babbar sifika shi ne mafi muni. Tsaya gefe, juya wa iska baya, kada yatsa ya rufe ramin makirufo. In tsohuwa za ka ɗauka a gida, kashe fanka, rufe taga, shiga ɗaki mai katifa da labule, ajiye wayar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinta. Da na san wannan tun farko, da ban ji kunya a Gadarif ba.

Kunne ba shi da kayan gyara

Duk wannan wahala don kunne ake yin ta, shi kuma in ya lalace ba a sayo wani a kasuwa. A can cikinsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar amo. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma ba sa sake tsirowa. Waɗanda ke fara mutuwa su ne masu jin siririn amo, wato dai masu bambanta mana sara da tsara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara kuma desibel 75. Da an kai desibel 90, awa 4 kacal ya rage a mako. Waya da samma'a kuwa suna iya haura 100 in an ƙure. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar waya, a kuma riƙa hutawa. In ka cire samma'a ka ji kunnenka yana ƙara shi kaɗai, gargaɗi ne. In na kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka wuce gona da iri.

A nan ne gyaran sauti da lafiya suka haɗu. Mutum yana ƙure ƙara ne saboda ba ya jin kalmomi, ko saboda ƙarar injin hafla ta danne waƙar. Fayil mai kyau da robar da ta toshe kunne sosai suna sa ka ji komai da rabin ƙarar. Ina da ɗalibai da suka dawo aji suna kallon leɓena in ina magana. Kunnuwan yaran nan sun sha ƙarar da ba su nema ba a shekarun nan. Kada mu bari waya ta ƙarasa abin da ya rage. Yaron da ake zargi da rashin ji, wani lokaci rashin jin na gaskiya ne, a kai shi a duba.

Kowane gida da ɗakin ajiyarsa

Gidan rediyon Umdurman ya fara aiki a 1940. Mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa 'yarmu ce, A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Fallatiya, haifaffiyar Kasala, ta rasu a 1974. Muna jin muryarta yau ne saboda wasu sun ɗauke ta da kyau sun adana. Ginin da ke riƙe da wannan taska ya zama filin daga tun ranar 15 ga Afrilun 2023 har zuwa Maris 2024, kowa hankalinsa a tashe. In taskar ƙasa guda za ta shiga irin wannan hali, ina ga akwatin da ke ƙarƙashin gadonka? Kakarka kuma ba ta da kwafi a wani gidan rediyo.

Don haka fayil na uwa wuri uku nake ajiye shi yanzu: a zakirar da ba ta cikin waya, a kwamfutar wani abokin aiki, sai kuma wurin ƙanwata da ke aure a wani gari, na tura mata a matsayin takarda. Na rubuta sunan mai murya da garin da aka ɗauka a jikin fayil ɗin, don AUD da jerin lambobi ba za su gaya wa jikana komai ba.

Ranar da na kawo wa Inna sabon juyin, na zaɓa mata ƙaramar roba, na saƙala mata samma'a, na sa ƙara rabi. Ta yi shiru, hannunta a kan gwiwa. Can sai na ga leɓenta yana motsi, tana bin waƙar. Da aka zo wani wuri ta ɗaga hannu ta ce in tsaya. Ashe a tsakiyar waƙar niƙan Kaka ta ambaci sunan ƙauyen da mahaifinta ya baro a ƙasar Sakkwato, sunan da Inna ta shekara tana nema a ranta ya ɓace mata. Ta sa na rubuta shi a takarda, ta kira jikokinta ta ce su maimaita.

Sannan ta ce, "Mayar da ita farko."

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.